Jan Ruwan Inabi na Afirka ta Kudu: Me Ke Cikin Kwalbar?

Lokacin Kirsimati da Sabuwar Shekara, da kuma wajen bukukuwan aure, akwai wata baƙuwa da ta fara sabawa da gidajenmu. Doguwar kwalba ce mai duhu, an naɗe mata wuya da takarda mai ƙyalli, an zana ganye ko dutse ko wani tsohon gida a jikinta. 'Ya'yanmu masu aiki a Kaduna da Jos da Abuja su ne sukan zo da ita cikin tsaraba, wani lokaci kuma cikin kwandon kyauta da aka ba su a wurin aiki. Ba mai ce mata giya. Wayin ake ce mata, ko ruwan inabi, da yake kuwa sunan nan na biyu mun saba jinsa a majami'a, sai hankalin uwar gida ya kwanta, har ta tsiyaya wa yara. In ka juya bayan kwalaben nan, da yawa za ka ga daga Afirka ta Kudu suka fito, ga kuma sunaye masu karya harshe: Pinotage, Shiraz, Merlot, Cabernet Sauvignon.

Mu nan Dinawa, da sauran ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama muka sani. Yaranmu sun haddace misalin kurangar inabi da rassanta, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin itacen. To, tun da kwalbar ta riga itacen zuwa, ya kamata mu zauna mu bincika. Mene ne ma'anar sunayen nan? Me ke cikin kwalbar? Su wa suka yi gumi kafin ta iso hannunmu? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

ITACEN DA 'YA'YANSA

Kalmar inabi daga Larabci muka aro ta. Dattawanmu da suka tashi da Littafi Mai Tsarki na 1932 "anab" suke cewa, juyin 1979 ne ya zo da "inabi". Itacen mai yaɗo ne, ba ya iya tsayuwa shi kaɗai sai an kafa masa turaku an ja waya ya bi. 'Ya'yansa nono-nono suke fitowa. Wanda ya san 'ya'yan faru ya san fasalinsu, sai dai na inabi sun fi girma, sun fi ruwa.

Kamar yadda dawa take da kaura da farafara da janjari, haka inabi yake iri-iri, har dubbai. Akwai na ci, akwai na shanyawa a yi zabibi, akwai na matsa. Na matsa ƙanana ne, fatarsu da kauri, zaƙinsu kuwa ya fi na ci. Sunayen nan da muke gani a jikin kwalba, yawancinsu sunayen irin inabin da aka matsa ne.

Ga wani abin mamaki. In ka matse baƙin inabi ka tace nan take, ruwan da zai fito kusan fari ne. Jan yana cikin fata. Mai son jan ruwan inabi sai ya murƙushe 'ya'yan, ya bar ruwa da fata da ƙwaya su jiƙu tare kwana da kwanaki, har fatar ta saki launinta kamar yadda zoɓo yake yi. Daga fatar da ƙwayar ne kuma bauri yake fitowa, irin wanda kake ji in ka tauna ɗanyar kanya. Abin da ke kawo baurin nan danginsu ɗaya da abin da ke cikin bagaruwa, wadda majeman Sakkwato suke jeme fatar jar akuya da ita.

Sa'an nan a jikin fatar inabi akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, 'yan'uwan yistin da mai burodi yake sa wa ƙullu. Da zarar an murƙushe 'ya'yan sai su kama cin sukarin da ke ciki, suna fitar da kumfa da barasa, watau sinadarin nan mai sa maye. Cikin mako ɗaya ko biyu aiki ya ƙare. Hanyar nan ce take mai da dawa burkutu. Abin da ke bugarwa a tukunyar burkutu shi ne ke cikin kwalbar nan mai ƙyalli, har ma ya fi yawa a cikinta.

YADDA INABI YA JE ƘARSHEN AFIRKA

A shekara ta 1652 wani kamfanin ciniki na ƙasar Holan ya aiki Jan van Riebeeck ya kafa zango can ƙarshen Afirka, inda birnin Kef Tawun yake yanzu, domin jiragen ruwa masu zuwa Gabas su riƙa samun ruwa da abinci. Aka kai masa rassan inabi daga Turai a 1655, ran 2 ga Fabrairu 1659 kuwa aka yi matsar fari. Simon van der Stel, wanda ya karɓi mulkin wurin a 1679, shi ya kafa garin Stellenbosch a shekarar nan, ya kuma sari babbar gonarsa ta Constantia a 1685.

Ƙasar ta karɓi itacen, gama yanayinta ya yi kama da na kudancin Turai, sai dai a juye. Su ruwa da sanyi tare suke zuwa musu, wajen Yuni zuwa Agusta, sa'ad da muke noman gero. Lokacin da hunturu ya rufe mu a Disamba da Janairu, su suna tsakiyar zafi, inabi yana nuna. Girbi yakan kama daga ƙarshen Janairu har Afrilu. Akwai wata iska mai ƙarfi da take buso musu daga kudu maso gabas, suna ce mata Likitan Kef, domin tana busar da ganye ta rage cuta.

A 1685 Sarkin Faransa, Luwis na 14, ya soke dokar da ta ba Kirista 'yan Furotesta damar yin sujada. Aka rushe majami'unsu, aka kori fastocinsu, dubban iyalai suka gudu. Wajen mutum 200 daga cikinsu suka isa Kef a 1688 da 1689, aka ba da yawansu filaye a wani kwari inda giwaye suke kiwo. Yau sunan wurin Franschhoek, watau Lungun Faransawa. Waɗansunsu sun iya aikin inabi tun daga gida, da shi kuwa suka sāke kafa iyalansu. Wanda ya taɓa barin gonarsa da tsakar dare saboda tashin hankali, kamar yadda ya sami mutane da yawa a gabashin Sakkwato cikin shekarun nan, ya san abin da ake nufi da a sāke dasa itace a baƙuwar ƙasa.

A 1886 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cin saiwa, wanda ya riga ya hallaka gonakin Turai, ya ɓulla a Kef. Maganin da aka samu shi ne aure, daidai yadda muke yi wa mangwaro: a dasa saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗaura mata reshen inabin Turai. Har yau kusan dukan gonakin can a kan saiwar aro suke tsaye.

SUNAYEN DA KE JIKIN KWALBA

A ƙidayar 2022, gonakin inabin matsa a Afirka ta Kudu sun kusa hekta 90,000. Fiye da rabi farin inabi ne, ja ya ɗan gaza rabi. Tun 1973 ƙasar take da dokar da ke lura da abin da ake rubutawa a kwalba. Bisa ga ƙa'idar yanzu, in an sa sunan iri ɗaya, dole kashi 85 cikin 100 na abin da ke ciki ya zama na irin nan ne. Ga manyansu:

Cabernet Sauvignon. Asalinsa yankin Bordeaux ne a Faransa. 'Ya'yansa ƙanana ne, baƙi wuluk, fata da kauri, ba ya kuma nuna da wuri. Ruwansa duhu gare shi da bauri mai yawa, shi ya sa akan zuba shi cikin gangunan katako ya shekara ɗaya ko biyu kafin a ɗura a kwalba. Stellenbosch ta yi suna da shi. A 1997 masana a Jami'ar Kalifoniya suka bayyana cewa iyayensa biyu, ɗaya baƙin inabi ne, ɗaya fari.

Shiraz. Waɗansu kwalabe Syrah suke rubutawa, duk abu ɗaya ne. An daɗe ana cewa daga birnin Shiraz na ƙasar Farisa ya fito, amma bincike ya nuna uwarsa da ubansa duka 'yan Faransa ne. Yana jure zafi, don haka ya karɓi wurare kamar Swartland da Paarl. Masu ɗanɗanawa sukan ce yana da ƙanshin masoro. Shi da Cabernet, kowannensu ya ci wajen kashi ɗaya cikin goma na gonakin ƙasar.

Merlot. Maƙwabcin Cabernet ne a Bordeaux, sunansa kuwa daga sunan wani baƙin tsuntsu aka samo shi. Yana riga Cabernet nuna, baurinsa kaɗan ne, saboda haka akan gauraya su, ɗaya ya tausasa ɗaya.

Pinot Noir. Wannan shagwaɓaɓɓe ne. Fatarsa ba kauri, zafi kaɗan ya ɓata shi. Sai wurare masu sanyi kusa da teku, kamar Elgin da kwarin Hemel-en-Aarde, watau Sama da Ƙasa. A kwarin nan ne 'yan mishan na ikilisiyar Morabiya suka yi jinyar kutare daga 1823, irin aikin da SIM ta yi daga baya a Amanawa kusa da Sakkwato.

Cinsaut. Shi ne jakin gona. Daga kudancin Faransa ya zo, yana jure zafi da fari, yana kuma 'ya'ya da yawa. A Kef an daɗe ana kiransa Hermitage.

Pinotage. Duk sauran baƙi ne, wannan kuwa haifaffen gida ne. A 1925 Abraham Perold, shehun malami na fari a fannin noman inabi a Jami'ar Stellenbosch, ya so ya haɗa daɗin Pinot Noir da juriyar Cinsaut. Ya ɗebi garin furen ɗaya ya shafa wa furen ɗayan, ya sami ƙwaya huɗu tak, ya shuka a lambun gidansa. Bayan shekara biyu ya bar jami'ar, lambun ya zama daji. Labarin da ake bayarwa shi ne, ranar da ma'aikata suka zo share wurin, wani matashin malami mai suna Charlie Niehaus ya biyo a kan kekensa, ya tuna da tsiron nan huɗu, ya cece su. An yi matsar fari a 1941, sunan kuma ya fara fitowa a jikin kwalba a 1961. An ɗauki farkon sunan Pinot aka haɗa da ƙarshen Hermitage. Yanzu wajen kashi 7 cikin 100 na gonakin ƙasar nasa ne.

Ban da waɗannan, akwai masu araha waɗanda ba sa ɗauke da sunan iri ko ɗaya. Gauraye ne, an bar musu sukari da yawa. Su ne suka fi shiga gidajenmu, domin a baki kamar lemon kwalba suke.

LADAN DA AKE BIYA A GWANGWANI

Hoton farin gida da duwatsu da ke jikin kwalba bai faɗi labarin duka ba. Filayen da aka dasa inabin nan makiyayar mutanen Khoi ce, masu shanu da tumaki, aka raba su da ita. Masu sassabe da yanka da matsa kuwa bayi ne. A 1658 jirage biyu suka sauke bayi a Kef, na fari daga Angola, na biyu da mutum fiye da 200 daga gaɓar tekun Jamhuriyar Benin ta yau. Daga baya aka yi ta kawo waɗansu daga Madagaska da Mozambik da Indiya da Indonesiya.

A watan Afrilu na 1658 ɗin nan aka buɗe makaranta ta fari a Kef, domin bayin da aka kawo, waɗanda da yawansu yara ne. Littafin da ake rubuta al'amuran zangon ya nuna an yi wa kowane ɗalibi alkawarin ɗan kofin barasa da guntun taba in ya gama darasinsa, wai don su mai da hankali su koyi addu'o'in Kirista. Mu malaman makarantun ikilisiya, labarin nan ya isa ya sa mu sunkuyar da kai.

An 'yanta bayi a 1834, aka sake su sarai a 1838, amma al'adar ba ta mutu ba. Masu gonaki suka ci gaba da biyan wani sashe na ladan ma'aikata da ruwan inabi mafi araha. Ana ce wa wannan dop, watau ɗan kurɓi. Tun da safe akan tsiyaya wa mutum a gwangwani, a ƙara da rana, a ƙara da yamma. Mai gona ya rabu da abin da ba zai sayu ba, ya rage kuɗin da zai biya, ya kuma ɗaure ma'aikaci da igiyar da ba a gani, gama wanda jikinsa ya saba ba zai iya barin gonar ba. Yawancin masu gonakin nan kuwa masu zuwa sujada ne ran Lahadi. Doka ta hana abin a farkon shekarun 1960, amma a waɗansu gonaki ya kai har shekarun 1990. Dokar giya ta 2003 ta sāke haramta shi.

Wanda ya fi kowa biyan bashin nan shi ne ɗan da ke cikin ciki. Mace mai ciki in ta sha barasa, ta jininta take bi ta shiga jikin ɗan, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa tun tana haɗuwa. A haife shi ƙarami, girma a hankali, karatu da ƙyar, ba kuwa maganin da zai mai da shi daidai. Wani bincike da aka buga a shekara ta 2000, wanda aka yi a wani garin masu noman inabi a lardin Kef ta Yamma, ya sami yara fiye da 40 cikin kowane 1,000 na 'yan aji ɗaya da wannan lahani sosai. Watau a aji mai yara 50, biyu ke nan. Uba ya karɓi lada a gwangwani, jika yana biya a gaban allo.

Abubuwa sun sāke tun bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, ko da yake da saura. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabi na De Doorns suka yi yajin aiki, daga Maris 2013 kuwa aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105. A 2004 Ntsiki Biyela, wadda ta taɓa yin aikatau a gidan mutane kafin ta sami gurbin karatu a Stellenbosch, ta zama baƙar mace ta fari a ƙasar da ta riƙe aikin sarrafa inabi.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Mai kiran gayya ya sallami mutane da burkutu, da mai ba yaran gonarsa ƙwayar ƙara ƙarfi domin su wuni suna aiki, hanya ɗaya suka bi da masu dop. A karanta Maimaitawar Shari'a 24:14-15 da Yakubu 5:4 a ga yadda Allah yake duban ladan ma'aikaci.

MU YI LISSAFI

Kwalbar wayin ta yau da kullum santilita 75 ce, watau kashi uku cikin huɗu na lita. A jikinta akwai wata lamba da alamar %, kusa da ita an rubuta "alc" ko "vol". Lambar nan ita ce ƙarfin barasar. Irin waɗanda muka lasafta sukan kama daga 12 zuwa 15. Giyar kwalba ta ƙasarmu wajen 5 take.

Mu ɗauki mai 14. Kashi 14 cikin 100 na santilita 75 ya ba mu santilita 10 da rabi na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, a kan kashi 5, santilita 3 ke nan. Ashe kwalba ɗaya ta Shiraz daidai take da manyan kwalaben giya uku da rabi. Masu zaƙin nan sukan zo da 7 ko 8 ko 9, duk da haka sun fi giya ƙarfi, zaƙin kuwa yakan sa a sha da yawa ba a sani ba. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi.

Akwai kuma ruwan inabi mai kumfa wanda ba a tsima ba, kwalbarsa kusan iri ɗaya da waccan. Launi ba zai raba maka su ba, zanen ganye ma haka. Lambar nan kaɗai za ka duba, tare da lambar rajistar NAFDAC.

"AI YANA ƘARA JINI"

Akan ji mutane suna cewa jan wayin yana ƙara jini, har a saya wa mai jego ko mai ciki. Jan da ke cikinsa launin fatar inabi ne, ba ruwansa da jini. Abin da jiki yake bukata ya yi jini shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ake samu a hanta da nama da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo, da ƙwayoyin da ake ba mata wajen awon ciki. Waɗansu kuma sukan ce yana gyara zuciya. An yi ta yayata wannan a shekarun 1990, amma binciken da ya biyo baya ya raunana maganar ƙwarai. A Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da lahani ga lafiya, tun 1988 kuwa aka sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji.

ƘOƘON JIBIN UBANGIJI

To, ina wanda muke karantawa a Littafi Mai Tsarki? Gaskiya ita ce tsimamme ne, in ba haka ba da Nuhu bai bugu ba. Sai dai mutanen zamanin Sabon Alkawari sukan sirka shi da ruwa. Littafi bai ɓoye gefe ko ɗaya ba. Zabura 104 ta lasafta shi cikin kyautan Allah, Ubangijinmu ya tanada shi a bikin Kana, ya kuma ɗauki ƙoƙo a daren da aka bashe shi. Amma Karin Magana 23:29-35 ta zana mashayi sarai, har ta ja kunne a kan jan launin nan da ke ƙyalli cikin ƙoƙo, Afisawa 5:18 kuma ta hana buguwa.

Ikilisiyoyi sun bambanta wajen Jibin Ubangiji. Katolika da Angilikan suna amfani da tsimammen ruwan inabi, ɗan kaɗan. Waɗansu kuwa suka ga ba daidai ba ne a miƙa barasa ga ɗan'uwan da ya tuba daga shaye-shaye. A 1869 wani likitan haƙori ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya bi dabarar Louis Pasteur, ya ɗumama sabon ruwan inabi har yistin ya mutu, ya rufe a kwalba, bai tsimu ba. Hanyar nan ce ikilisiyoyin bishara da yawa suka bi, inda kuma inabi ya yi wuya akan yi da wani jan abin sha marar barasa. Kada wannan ya zama abin gardama tsakaninmu da 'yan'uwa. Romawa 14 ta koya mana kada mai ci ya raina marar ci, kada kuma wani ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwansa.

Mu tuna kuma da inda muke zaune. Maƙwabtanmu Musulmi ne, addininsu ya haramta giya, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin jihohin da suka kafa shari'ar Musulunci tun daga shekara ta 2000, ba a yarda da sayar da giya a fili ba. Kwalba ɗaya da aka gani a juji bayan gidan Kirista ta isa ta ɓata shaidar shekaru. Balle a tsiyaya wa baƙo Musulmi a wajen biki da sunan lemo. Wannan cin amana ne, ko da rashin sani aka yi shi.

KO ITACEN ZAI YI A ƘASARMU?

Itacen kansa ba shi da laifi, 'ya'yansa kuwa abinci ne mai kyau, mai tsada a kasuwa. Yawancin inabin da ake tallarsa a biranenmu daga waje ake kawo shi. Amma manoman ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya, sun yi suna da noman inabin ci. A Dodoma ta Tanzaniya ma, ƙasa mai ƙarancin ruwa, 'yan mishan Katolika ne suka kai itacen, yanzu har sau biyu ake girbi a shekara.

Mu da muke da Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo, ba abin da zai hana mu gwadawa, amma da hankali. Inabi ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa, saboda haka fadamar shinkafa ba wurinsa ba ce, sai tudu mai tsane ruwa inda za a iya ban ruwa da rani. Yana bukatar rumfa ko waya. Gara tana cin turakunsa, tsuntsaye suna cin 'ya'yansa, laimar damina tana kawo masa cutar ganye. A ƙasashe masu zafi manoma sukan datse rassansa bayan ɗaukewar ruwa, domin 'ya'yan su nuna cikin rani. Ba ya kuma ba da amfani sosai sai ya shekara biyu ko uku. Mai so ya fara da gindi biyu ko uku a tsakar gida ko a filin makaranta, ya nemi shawarar malaman gona a kan irin da ya dace. Ranar da yara suka ga malami ya sa wuƙa ya datse reshe mai ganye shar, bayan 'yan watanni kuma suka ga nonna suna reto a wurin, sura ta 15 ta Yahaya ba za ta bukaci dogon bayani ba.

GA IYAYE

Kafin biki na gaba, ga abu huɗu da ya kamata kowane gida ya riƙe. Na ɗaya, duk kwalbar da ta shigo, a nemi lambar nan mai alamar % kafin a buɗe. Wanda idonsa ba ya gani sosai ya kira ɗan makaranta ya karanta masa. Na biyu, kada a ba yaro, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko wanda zai hau babur ko ya tuƙa mota, ko kurɓi ɗaya. Na uku, kada a miƙa wa baƙo abin da ba a faɗa masa ko mene ne ba. Na huɗu, a gaya wa 'ya'yanmu na birni da sanyin murya cewa tsarabar sukari da sabulu da littattafan ƙannensu ta fi mana amfani. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi kuwa ba su taɓa kunyata mai biki ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu hikima, ya tsare gidajenmu. Amin.